Yadda Ake Rubuta Waƙar Dimokuraɗiyya da Kishin Ƙasa: Jagora ga Sabon Sha'iri

Duk kakar zaɓe sai waƙoƙi su cika gari. A tasha, a shagon mai cajin waya, a cikin a-daidaita-sahu, ko'ina sunan ɗan takara ne ke tashi. Da an rantsar da wanda ya ci, sai ka neme su ka rasa. Amma har gobe ɗaliban Hausa suna nazarin waƙar da Malam Sa'adu Zungur ya rubuta kan makomar Arewa tun kafin samun 'yancin kai, alhali shi ya rasu tun 1958. Waƙar kamfe mutum guda aka yi wa ita, shi ya sa take tafiya tare da kujerarsa. Ta Malam Sa'adu kuwa ta ɗauki tambayoyin da har yanzu ba su bar mu ba: wa zai mulke mu, da yardar wa, kuma mu ɗin su wane ne? Wannan jagora na mai son rubuta irin ta biyun ne, wato rubutacciyar waƙa mai baiti da kari (ma'aunin sautin waƙa) da amsa-amo (sautin da ƙarshen layuka ke maimaitawa), wadda za a iya rerawa ba ganga ba fiyano.

Mataki na farko: ka san wa kake yi wa aiki

Kafin ka ɗauki biro, ka yanke wa kanka hukunci. In yabon ɗan takara za ka yi, wannan sana'a ce mai nata ƙa'idoji, ba ita muke magana a kai ba. In kuwa waƙar 'yanci kake nufi, to ubangidanka shi ne talakan da ke bin layi.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka cire sunan mutum da na jam'iyya daga waƙar, ka ga abin da ya rage. In ba abin da ya rage sai “gwani na” da “sai kai”, talla ka rubuta. Wannan ba yana nufin sha'iri ba shi da ɓangare ba. Mawaƙan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin, sun ɗauki ɓangare ƙiri-ƙiri, kuma 'yan jam'iyyar da dama sun sha ɗauri a kotunan En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, saboda bakinsu. Sai dai in ka cire sunan NEPU daga waƙoƙinsu, za ka tarar da haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin hakimai suna nan daram. Abin da ya riƙe waƙoƙin ke nan.

Mataki na biyu: ka zauna da na gaba da kai

Ba a fara wannan fage da kai ba, don haka ka nemi waƙoƙin magabata ka karanta su da murya. Ga abin da nake ganin ya kamata ka duba a wajen kowanne.

A wajen Sa'adu Zungur, ka dubi yadda ake kafa hujja a cikin baiti. A waƙarsa ta “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya” ya ajiye tsarin mulki biyu a gaban jama'a, ya jawo abin da ya sami sarakunan Indiya bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1947, ya gargaɗi sarakunan Arewa cewa in ba su gyara ba, abin da ya ci Doma ba zai bar Awai ba. Bai tsaya kan kuka ba, ya kawo misali daga duniyar da mai sauraro bai sani ba ya sa ta zama darasi. Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da “Arewa Jumhuriya Kawai”. Ka lura da wannan da kyau: mutum biyu sun saɓa kan yadda za a mulki ƙasa, suka yi muhawara da baitoci a bainar jama'a. A ganina wannan musayar ita kanta dimokuraɗiyya ce a aikace, tun kafin a kafa akwatin zaɓe a yawancin garuruwanmu.

A wajen Alhaji Shehu Shagari, wanda ya rubuta “Waƙar Nijeriya” tun yana malamin makaranta, ka dubi yadda ake sa yaro ya san ƙasarsa ta hanyar kiran sunayen garuruwa da koguna da abin da ƙasa ke fitarwa. A wajen Abubakar Ladan Zariya, mai waƙar haɗin kan Afirka, ka dubi yadda ake faɗaɗa zance ya wuce iyakar ƙasa ba tare da ya watse ba. A wajen Aƙilu Aliyu kuwa, harshe za ka koya, da yadda ake juya kalma ta zauna a kari ba tare da an karya mata wuya ba. In ka koma baya sosai, za ka iske Nana Asma'u tana tsara waƙoƙi tana ba jagororin mata da ake kira jaji su kai wa mata a ƙauyuka ta hanyar ƙungiyar karatun mata ta 'yan taru. Tun ƙarni na 19 aka gane cewa waƙa ta fi takarda saurin isa zaure da tsakar gida.

Karanta su don ka koyi dabara. Kada ka ɗebo baitocinsu ka sauya kalma biyu ka ce naka ne, masana za su gane tun daga ɗangon farko, wato layin farko na baiti.

Mataki na uku: ka tsayar da jigo ɗaya, ka san shi ciki da bai

“Dimokuraɗiyya” ta yi wa waƙa ɗaya faɗi. Ka gutsuro yanki guda. Sayar da ƙuri'a da taliya da sabulu jigo ne. Wakilin da ba a sake ganinsa a mazaɓa sai bayan shekara huɗu jigo ne. Haka matashin da aka ba ƙwaya da gora ranar zaɓe, haka kuɗin ƙaramar hukuma, haka 'yancin mace ta jefa ƙuri'arta ba tare da an zaɓa mata ba. Ka rubuta jigonka a jumla guda a saman takarda. Duk baitin da bai yi wa jumlar nan hidima ba, komai daɗinsa, ka ajiye shi don wata waƙar.

Daga nan sai bincike. Sha'irin da bai san abin da yake magana a kai ba, ihu kawai zai yi. Ka buɗe kundin tsarin mulki na 1999 ka karanta sashe na 14, inda aka ce ikon mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ikonta, kuma tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ka karanta sashe na 39 kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Ka san cewa sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774, kuma ka san aikin kowanne, don kada ka zargi kansila da abin da ke wuyan gwamna. Ka san cewa matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba da ta sha shiga kurkuku a kan haka. Ka san an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, kuma sojoji sun miƙa mulki a 1999. Ba duka za su shiga waƙar ba, amma wanda ya san su, ko baiti ɗaya ya yi za a ji nauyinsa.

Littafi kaɗai bai isa ba. Ka je rumfar zaɓe, ko taron mazaɓa, ko majalisar masu shayi, ka buɗe ido da kunne. Ka rubuta abin da ka gani yadda yake: tawadar da ta bushe a babban yatsan tsoho, matar da ta ɗaure katin zaɓenta a bakin zane tare da kuɗin cefane, wakilan jam'iyyu sun yi da'ira suna ƙirga ƙuri'a da ƙarfi da hasken tocilan waya bayan magariba. Ka rubuta maganganun mutane da bakinsu: “a kasa, a tsare, a raka”, “sun ci sun tafi”, “mu dai Allah Ya ba mu mai tausayinmu”. Waɗannan su ne kayan aikinka.

Mataki na huɗu: ka warware wa “mu” take nufi

A nan ne waƙoƙin kishin ƙasa da yawa ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Duk lokacin da ka ce “mu” ko “ƙasarmu”, mai sauraro yana tambayar kansa ko da shi a ciki. Sa'adu Zungur ya yi magana da Arewa, Shagari ya yi da Nijeriya, Abubakar Ladan ya yi da Afirka. Kowannensu ya san da'irar da ya zana. Kai ma ka san taka, ka kuma faɗe ta a fili.

Bahaushe yana da wata matsala ta musamman a nan, wadda kuma gata ce in ka iya sarrafa ta. Harshen da kake rubutu da shi ya girmi iyakokin da Turawa suka shata. An haɗe Arewa da Kudu a 1914, Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba na shekarar, amma mutumin Jibiya da na Maraɗi, ko na Illela da na Ƙonni, dangin juna ne tun kafin nan. Har taken Sawaba ma ƙasashen biyu sun yi tarayya a kansa: NEPU a Nijeriya, jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar. Saboda haka waƙarka za ta tsallaka iyaka ko ka so ko ba ka so ba, za a ji ta a Damagaram da zangon Kumasi. Ka yi kishin ƙasarka ba tare da ka wulaƙanta ta maƙwabci ba.

A cikin gida kuma, ka tuna cewa miliyoyin masu jin Hausa ba Hausawa ba ne, kuma ba duka Musulmi ba ne. Mutumin Zonkwa da na Langtang da na Biu da na Zuru duk za su fahimci kowace kalma taka. In “mu” ɗinka ta tsaya kan ƙabila ɗaya da addini ɗaya amma ka kira ta waƙar ƙasa, su za su fara jin an rufe musu ƙofa. Ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ba ta bukatar sha'irin da zai ƙara mata itace a wuta. Haka nan mata: kada su fito a waƙarka a matsayin masu guɗa kawai, alhali su ne ke cika layin zaɓe.

To yaya ake nuna ƙasa ɗaya ba tare da an yi ta maimaita “mu haɗa kai” ba? Ka bi hanyar abinci da fatauci, don a nan ne haɗin yake a zahiri. Tumatirin da aka ɗebo a Kura ya kwana a mota ya wayi gari a kasuwar Legas. Shanun Potiskum suna gangarawa Kudu, goron Shagamu da manjan Gabas suna haurowa, doyar Zaki Biyam tana shiga tukunyar Sakkwato, hatsin Dawanau yana tsallaka iyaka. Ka bi direban tirela guda daga lodi zuwa sauke kaya, ka ƙirga shingayen da ya tsaya, harsunan da ya yi ciniki da su, da wanda ya ba shi ruwa lokacin da motarsa ta lalace a dajin da ba ya jin yaren mutanensa. In ka yi wannan da kyau, ka rubuta waƙar haɗin kan ƙasa ko da kalmar “haɗin kai” ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Kishin ƙasa kuma bai hana faɗin aibunta. Wanda ya ce komai lafiya alhali an rufe makarantar ƙauyensu saboda 'yan bindiga, ba wanda zai yarda da sauran baitocinsa.

Mataki na biyar: zubi, kari da amsa-amo

Yanzu sai ginin kansa. Ka fara zaɓar yawan ɗango a baiti. 'Yar tagwai, mai ɗango biyu, ita ta fi sauƙi ga mai farawa kuma ta fi dacewa da kafa hujja, don kowane baiti magana ce guda a dunƙule. 'Yar biyar tana ba ka fili ka ba da labari, sai dai tana bukatar amsa-amo iri biyu: ƙarami a ɗango huɗun farko, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, da babba a ɗango na biyar, wanda ba ya sauyawa har ƙarshen waƙa. Shawarata ka fara da 'yar tagwai.

Babban amsa-amo alkawari ne da za ka riƙe har ƙarshe, don haka kada ka zaɓi gaɓar da kalmominta ba su da yawa. Kafin ka rubuta baiti ko ɗaya, ka jera kalmomi talatin ko arba'in masu ƙarewa da gaɓar da ka zaɓa. In ka kasa kai ashirin, sauya gaɓa. Waƙar Malam Sa'adu da “ya” take ƙarewa, kuma dubi yawan kalmomin siyasa da ke da wannan ƙarshe: jumhuriya, mulukiya, gaskiya, tarayya, dimokuraɗiyya.

Kari shi ne inda sababbin marubuta suka fi gudu, alhali ba dodo ba ne. Gaɓar Hausa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar “da”. Akwai mai nauyi, wato baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda ta rufe da baƙi, kamar “tun” ko “kai”. Kari shi ne jera su bisa tsari guda da ke maimaituwa. Ɗauki karin da ake kira Mutaƙarab, wanda ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa, ita ce marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango. Ga baiti biyu da na tsara don misali:

Uwa ta tsaya tun da hantsi a layi,
Da goyo a bayanta, rana tana yi.

Ruwan sha take so da taki na gona,
Wakili, faɗa min guda wanda kay yi.

Ka yanka ɗangon farko ka gani: u-wa-ta, tsa-ya-tun, da-han-tsi, a-la-yi. Kowace ƙafa gajera ɗaya, dogaye biyu. Ka buga da yatsa a kan tebur za ka ji tafiyarsa. A ɗangon ƙarshe na ce “kay yi” maimakon “ka yi”, irin furucin Sakkwatawa, don gaɓar ta yi nauyi karin ya cika. Sha'irai sun daɗe suna aron karin harshen wani yanki saboda haka, kuma halal ne muddin ma'ana ba ta ɓace ba. Abin da ba a so shi ne ka ja wasalin da ba ya jawuwa har kalma ta koma wata.

Ka kuma lura ba a ambaci dimokuraɗiyya ko haƙƙi a baitocin ba, amma duk suna ciki: ga mai zaɓe, ga bukatarta, ga wanda ake tuhuma. Kwatanta su da ɗango irin “dimokuraɗiyya abar alfaharinmu ce”, wanda ba ya nuna wa ido komai.

In Mutaƙarab bai zauna maka a baki ba, akwai Kamil da Ramal da Rajaz da Mutadarak da sauransu. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami muryar da ka saba ji, ko ta waƙar makarantar allo ce, ka riƙa zuba kalmominka a kanta. Kunnen Bahaushe ya san kari tun kafin ya san sunan karin.

Mataki na shida: kaifin harshe da iyakarsa

Habaici da zambo gadonmu ne, kuma waƙar siyasa ba ta yin armashi in babu yaji. Amma ka soki aiki, ka bar halitta da asali. Ka ce wakili bai gina asibitin da ya yi alkawari ba, in kana da tabbaci. Kada ka taɓa iyayensa, ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko wata nakasa a jikinsa. Kada ka ɗora wa mutum sata da sunansa ba tare da hujja ba, domin ɓata suna laifi ne a doka, kuma an sha kama mutane a kan abin da suka saka a intanet. Dokar zaɓe ma ta hana kalaman da za su tunzura ƙabilanci ko addini a lokacin kamfe. Sau da yawa siffanta hali ya fi kiran suna tasiri: ka zana ɗan siyasar da ke zuwa ta'aziyya da 'yan jarida, kowace mazaɓa za ta ga nata a ciki, kuma waƙar ba za ta tsufa da saukarsa ba.

Kada kuma ka sauke wa shugabanni laifi duka ka wanke talaka tas. Wanda ya karɓi dubu biyu ya dangwala, da shi a cikin lissafin. Ka faɗa masa, amma da muryar ɗan'uwa wanda ya san yunwar da ta sa shi karɓa.

Wajen kalmomi, ka yi amfani da waɗanda ke bakin mutane: ƙuri'a, mazaɓa, maguɗi, akwati, ɗan takara, majalisa. Larabci mai nauyi da Ingilishi marar dalili duk suna nisanta ka da tsohuwar da kake so ta haddace waƙar.

Mataki na bakwai: mabuɗi da marufi

Al'adar rubutacciyar waƙa ita ce a buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da godiya da addu'a, wani lokaci sha'iri ya faɗi sunansa da shekarar da ya yi waƙar. In za ka bi wannan, ka taƙaita shi a baiti biyu ko uku, ka sa roƙonka ya shafi jigon, kamar neman ikon faɗin gaskiya. Ka furta jigonka kafin baiti na biyar. Mai sauraro a waya ba ya jira.

Mataki na takwas: rerawa, gyara da fitarwa

Waƙar da ba a rera ba, ba a gama ta ba. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Duk inda numfashinka ya sarƙe ko harshenka ya yi tuntuɓe, akwai karaya a karin, ka koma ka gyara. Sannan ka rera wa mutum biyu: wanda ya san aruli, wato ilimin karin waƙa, da wanda bai taɓa shiga aji ba. Na farko zai nuna maka inda ƙafa ta gurgunce. Na biyu ka tambaye shi me ya fahimta, in abin da ya faɗa ya saɓa da jumlar da ka rubuta a saman takarda, aikin gyara na gabanka. Ka yanke duk baitin da ka saka don amsa-amo kawai. Baiti ashirin masu ƙwari sun fi ɗari da ake hamma a tsakiyarsu.

Wajen bugawa, ka tabbata ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu, don “ƙasa” da “kasa” ba ɗaya ba ne. Ka fitar da rubutu da murya tare, a WhatsApp ko Facebook, ka kai wa shirin adabi na gidan rediyon garinku, ka karanta a zaman ƙungiyar marubuta ko a bikin Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta. Ka sa sunanka da kwanan wata a jikin kowane kwafi, ka ajiye na asali, domin a kakar zaɓe akan yanki baitin mutum a liƙa wa hoton ɗan takara ba da saninsa ba. In hakan ta faru, ka fito ka faɗa a fili cewa ba da yawunka ba, ka sake saka cikakkiyar waƙar. In kuma wani sha'iri ya saɓa maka ya mayar da martani da baiti, ka karanta nasa har ƙarshe, sannan ka amsa masa a kan hujjarsa, da karin da ya yi amfani da shi da amsa-amonsa in za ka iya.